Sansanin Hutu Mai Jigo: Yadda Ake Shirya wa Ƙananan Yara

Da an rufe makarantu a ƙarshen Yuli, sai tallace-tallace su cika ƙofofin makarantun nazare da firamare a Kano, Zariya, Kaduna da sauran garuruwa: an buɗe sansanin hutu, akwai jigo na musamman, akwai wasanni da aikin hannu. Iyaye su biya, su kawo yara. Wanda ya leƙa bayan mako guda, ɗayan biyu zai tarar. Ko dai lesin ne aka sake wa suna, yara na kan benci suna kwafar lissafin zango mai zuwa, ko kuma an tara su ɗaki guda an kunna musu katun har a tashi. Jigon kuwa yana jikin bango, an ciro shi daga intanet an manna: kumbon 'yan sama-jannati, dusar ƙanƙara, kifayen teku.

Aikina koyar da ƙananan aji ne, kuma a dogon hutu nakan shirya irin wannan zama. Sababbin shiga da ke zuwa neman shawara kusan kurakurai iri ɗaya suke maimaitawa, saboda haka na ga gara in tattara maganar wuri guda. Abin da ke tafe na yara 'yan shekara 3 zuwa 7 ne, na mako huɗu, da safe kawai, ba kwana. Misalin da zan bi shi ne jigon "Daga iri zuwa tukunya". Wanda ya gane yadda aka gina wannan zai iya gina wani.

Abubuwan da za a tanada

- Wuri: ɗaki ko rumfa da ba ta yoyo, fili mai katanga da ƙofar shiga guda ɗaya, ban-ɗaki mai tsabta a kusa, da fo na 'yan ƙanana.
- Manya: mutum ɗaya ga yara shida in 'yan shekara 3 zuwa 4 ne, ɗaya ga goma in sun kai 5 zuwa 7. Ko yara biyar ne suka zo, a samu manya biyu, don in ɗaya ta raka yaro ban-ɗaki kada a bar sauran ba kowa.
- Iri: wake, masara, gero, gyaɗa da alayyafo.
- Mazubi: ledojin ruwan sha da aka shanye, gorunan roba da aka yanke, tsofaffin buhunan shinkafa, ƙasa mai kyau, takin gida da ya ruɓe ya bushe, da ƙananan butoci.
- Kayan aikin hannu: kwalaye, kara, yumɓu, ƙyallayen tela, ƙaro ko sitacin rogo na manni, gawayi, zoɓo, kurkur, alli, takarda, almakashi marar tsini.
- Kayan awo: mudu, gwangwani, faifai, igiya, marafan kwalba.
- Kayan tsabta da lafiya: sabulu, bokiti mai famfo, tsabtataccen ruwan sha, filasta, bandeji, auduga, ma'aunin zafin jiki, ƙullin gishiri da sukari na kemis.
- Tabarmi, littafin rajista, da katin ɗaukar yaro.

Yawancin waɗannan tsintowa ake yi ko a roƙa a maƙwabta. Kuɗin da iyaye suka biya ya tafi ga haƙƙin masu kula da yara, da sabulu, da ruwa. Balan-balan da rigar anko su jira.

1. Zaɓen jigo

Jigo abu guda ne da yara za su yi ta juyawa ta kowace fuska har makonni: su taɓa shi, su ƙirga, su zana, su ji tatsuniyarsa, su yi wasansa, su ci in na ci ne. Ɗan shekara huɗu bai san wani rabo na wannan lissafi ne, wancan kimiyya ba. Ƙwayar wake ɗaya a tafin hannunsa tana ba shi ƙirga, da launi, da sabuwar kalma, da tambayar da zai kwana da ita. Jigo yana haɗa masa abin da jadawalin makaranta ya rarraba.

Kafin ku tsayar da jigo, ku yi masa tambaya uku. Yaro zai iya taɓa shi da hannunsa a nan inda muke? Yana sauyawa daga yau zuwa gobe, har yaro ya ƙagu gari ya waye ya zo ya gani? Akwai wani a unguwa da ya fi malama saninsa? Jigon da ya faɗi biyu cikin ukun nan, ku bar shi, komai kyansa a waya.

A Amurka aka fi sanin sansanin hutu. Tun 1861 wani malami mai suna Frederick Gunn ya fita da ɗalibansa suka kafa tanti a jihar Connecticut, abin ya bazu daga baya. Hutunsu na lokacin zafi da rana ne, shi ya sa jigoginsu suka cika da iyo da bakin teku da kwana a daji. Namu hutun a Agusta yake faɗawa, watan da ruwa ya fi sauka a ƙasar Hausa, gero na fitar da kai, kowane kango ya yi kore shar. Malamar da ta bar wannan ta koma yanka wa yara hoton dusar ƙanƙara ta saki reshe ta kama ganye. Ban ce a hana yaro sanin wata da taurari ba. Amma ƙaramin yaro daga abin da ke gabansa yake takawa zuwa na nesa. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya buɗe makarantar ƙananan yara a Bad Blankenburg a 1837, kowane yaro yakan ware masa ɗan fegin shukarsa, kuma daga tsarinsa makarantun nazare na duniya suka samo tushe.

Ɗaya kuskuren shi ne tara jigogi: Litinin dabbobi, Talata motoci, Laraba sana'o'i. Wannan yawon kallo ne. Yaro bai gama sabawa da abu ba an ɗauke, sai ya tashi bai riƙe komai ba. Jigo ɗaya ya isa mako huɗu.

2. Mayar da jigon tambayoyi

Ku raba shi gida huɗu, kowane mako da tambayarsa, da kalmomin da yaro zai iya maimaita wa mahaifiyarsa. Mako na farko: me ke cikin iri? Na biyu: me shuka take so? Na uku: in an girbe, ina ake kaiwa? Na huɗu: yaya yake zama abinci? Duk aikin da kuka tsara, ku duba ko yana amsa tambayar makon. In ba ya yi, ku cire, ko da kun riga kun sayi kayansa.

Sai lissafin kwanaki, wanda a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Wake yakan tsiro cikin kwana 3 zuwa 5, masara ta ɗan fi shi jinkiri, gyaɗa takan kai mako. Amma wake ba zai nuna cikin mako huɗu ba. Ko irin nan mai saurin nuna da cibiyoyin bincike irin IAR ta Samaru da IITA suka fitar, sai ya yi kusan kwana 60. Kada ku yi wa yara alkawarin cin waken da suka shuka ranar rufewa. Alayyafo ne zai fitar da ku kunya: in an yafa shi ranar farko, ko ma mako guda kafin buɗewa, za a samu na tsinka a mako na huɗu. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, a cuɗa shi da yashi kafin a yafa don kada ya cunkushe.

Ku bar rana ɗaya a kowane mako ba tsari. Ruwa zai cinye muku wata safiyar, wata ranar kuma yara za su tono tana su ƙi rabuwa da ita. Ranar tana ce, ku bi su.

3. Rajista da magana da iyaye

Kada a karɓi yaro da kuɗi da suna kawai. A tambaya a rubuta: yana da sikila, asma ko farfaɗiya? Akwai abincin da jikinsa ba ya so, musamman gyaɗa? A karɓi lambar waya biyu. Tambayar sikila ba ta cika takarda ba ce. Dukan ruwan sama, sanyi da ƙishirwa suna tayar da ciwon, saboda haka mai sikila ba ya jiƙewa, yana shan ruwa a kai a kai, kuma da rigar canji a jakarsa.

A jihohin Arewa da dama ma'aikatan lafiya na bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata-wata, bisa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar tun 2012. Na kwana uku ne a jere. Ku tuna wa iyaye kada zuwa sansani ya sa yaro ya tsallake. Ku kuwa ba ku ba yaro magani, ko farasitamol ne, sai an kira gida.

A rubuta sunan duk wanda aka yarda ya ɗauki yaro, a ba shi kati. Wanda babu sunansa ba a miƙa masa, ko da yaron ya ruga ya rungume shi yana "Kawu! Kawu!" A ba shi kujera, a kira uwar. Haka hoton yara, ba ya hawa Facebook ko WhatsApp sai da yardar iyaye.

Sannan ku faɗa musu gaskiya tun farko: yaro zai dawo da taɓo a riga, a sa masa tsofaffin kaya da takalmin roba, kuma babu aikin gida. Ba za a rasa wadda za ta ce, "Malama, ni fa karatu na kawo shi, ba wasan ƙasa ba." Kada ku yi musu. Ku ce, "Hajiya, ki shigo ranar Alhamis ya nuna miki littafinsa." Ku kuma binciki lokacin Islamiyya kafin ku tsayar da naku, domin wasu sukan koma safe in an yi hutun boko.

4. Zagaya wurin kafin yara su zo

Ku durƙusa daidai tsayin ɗan shekara uku, ku kalli wurin daga nan. Ruwa ne abu na farko. Ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwan da bai wuce idon sawu ba, kuma ba ya ihu. Bokiti, baho, tanki, rijiya, ramin masai, duk a rufe ko a kife. In akwai kududdufi a bayan katanga, a tabbatar babu kafar zuwa. A duba katangar ƙasa da ta sha ruwa, da wayar lantarki da ta sauko, a nome ciyawa saboda maciji da kunama. Duk Juma'a a zubar da ruwan da ya kwanta a gwangwani ko taya, domin sauro cikin mako guda zuwa kwana goma yake ƙyanƙyashewa ya tashi. In hadari ya haɗo, ɗaki ake shiga, ba gindin bishiya ba.

Jigon iri yana da nasa haɗarin, tun da kuna koya wa yara son ƙwaya ne. 'Ya'yan bini-da-zugu da na zurma guba ne, ga su kuma da ban sha'awa a ido. Haka zaƙami. Nonon tumfafiya yana cutar da ido. In akwai su a harabar, a cire. Irin shuka na kanti sau da yawa an cuɗa shi da maganin ƙwari, shi ya sa za ku gan shi ja ko ruwan hoda. Wannan ba ya shiga hannun yaro. Waken kasuwa ma wasu na zuba masa magani don ajiya. Ku samo daga manomin da kuka sani, ku gwada shi mako guda kafin buɗewa: ƙwaya goma cikin jiƙaƙƙen tsumma, in takwas sun tsiro, iri ne.

5. Tsarin yini

Daga ƙarfe 8:30 zuwa 12:30 ya isa. A fara da zaman tabarma na kwata: gaisuwa, addu'a, tambayar yau. Sai zagayen shuka, kowa ya gaida tasa. Sai babban aikin ranar, minti 20 ga ƙanana, 40 ga manyan yara, kowane rukuni daban. A wanke hannu da sabulu a ci abin da aka zo da shi. Sai fili: langa, 'yar gala-gala, ɓuya, tseren buhu. A dawo kowa ya zaɓi kusurwar da yake so, ta yumɓu, ta zane, ko ta kasuwa. A rufe da tatsuniya.

Kada a riƙa sauya wannan jeri. Yaron da ya san abin da ke biye ba ya yawan kuka, kuma ba ya buƙatar tsawa. Kada kuma a rage lokacin fili don a ƙara "karatu". Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya, wadda galibi ya riga ya cinye ta a gida. Kowane aikin waje ku tanadar masa madadin cikin ɗaki, don ranar da ruwa ya tsuge kada a koma ga katun.

6. Ranar shuka da abin da ke biyo ta

Tun daren jiya manya sun huda gindin ledoji da gorunan roba don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Na fi son su a kan gwangwanin ƙarfe saboda kaifin baki. An haɗa ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, an zube a kan buhu. Daga nan aikin yaro ne. Shi zai cika ledarsa, ya soka yatsa zuwa gaɓa ta biyu, ya jefa wake biyu, ya rufe, ya zuba ruwa da buta. Wanda bai iya rubuta sunansa ba ya zana alamarsa a kwali a soke a jiki. Za a zubar da ƙasa, wani zai cika har ta tumbatsa, wani zai zuba ruwa har ya malale. Ku ɗaure hannuwanku a baya.

Karɓe wa yaro aiki shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma daga kyakkyawar niyya yake fitowa. Malama na son aiki ya yi kyau don iyaye su yaba, sai ta karɓe almakashi ta yanka, ta manna, ta miƙa wa yaro ya riƙe a ɗauki hoto. In kun ga zanen yara talatin ya fito iri ɗaya, na malama ne. Yatsun da za su riƙe fensir gobe, da cusa ƙasa a leda da murza yumɓu suke ƙarfi, kuma yaron da aka saba karɓe wa aiki yakan daina gwadawa.

Yara za su so tono irin kullum su ga me yake ciki. Ku ba su hanyar gani. A samu gorar roba mai haske, a cusa jiƙaƙƙiyar auduga, a saƙala wake tsakanin audugar da jikin gorar. Kwana biyu ko uku, wata za ta ƙwala kira: "Malama, ya fito da jela!" Kada ku yi saurin gyara mata. Ku ce, "Jela ce? To ina ta nufa, sama ko ƙasa?" Ku kwantar da gorar a gefe, a dawo jibi a ga saiwar ta lanƙwasa ta sake nufar ƙasa. Kalmar saiwa da aka ba yaro bayan ya ga wannan ba ta fita kansa. Su kuma lura da bambanci: wake yana ɗago ɓarin ƙwayarsa biyu sama, masara kuwa tsinke guda take sokowa.

A mako na biyu a yi gwajin mazubi uku. Ɗaya a rana ana ba shi ruwa, ɗaya inda haske ke samu amma ƙarƙashin rumfa ba ruwa, ɗaya cikin kabad mai duhu ana ba shi ruwa. Kafin a fara, kowane yaro ya je ya tsaya kusa da wanda yake ganin zai fi tsawo. Bayan mako za a sha mamaki, domin sau da yawa na cikin duhu ne ke zarce sauran, sai dai siriri, fari-fari, ba ya iya tsayuwa. Ku bar su su yi gardama a kan ko tsawo shi ne lafiya. Gardamar ita ce darasin.

Wata ledar ba za ta tsiro ba, mai ita kuma zai yi kuka. Kada ku musanya masa a ɓoye. Ku zauna tare ku tona, ya ga waken ya ruɓe, ya shinshina, ku tambaye shi sau nawa yake zuba ruwa. Sannan ya sake shukawa, ko ya zaɓa daga 'yan ledojin ajiya da kuka shuka ranar farko saboda irin haka.

Doka ɗaya ake maimaitawa kowace safiya: iri ba ya shiga baki, ba ya shiga hanci, ba ya shiga kunne. 'Yan shekara uku ba sa riƙe ƙwaya sai babba na zaune da su, a ƙirga abin da aka ba su, a ƙirga abin da suka dawo da shi. In wake ya shige hanci ko kunne, kada a sa tsinke ko ashana, kada kuma a ɗura ruwa, domin wake kumbura yake yi. A kira gida a tafi asibiti. Gyaɗa guda-guda ma ba a ba ƙananan su ci, tana shaƙe su.

7. Shigar da karatu da lissafi

Duk Litinin da Alhamis yaro ya karya tsinke daidai tsawon shukarsa ya manna a shafin littafinsa, kusa da na baya. Zuwa ƙarshen wata yana da jerin tsinkaye masu hawa kamar matakala, ya fahimci awo da kwatanci ba tare da an ambaci santimita ba. Manyan yaran su ɗora rula su rubuta lamba. Haka ruwan sama: a yanke kan gorar roba a kifa shi ciki ya zama mazurari, a kafa a fili. Da safe a yanki takarda daidai tsayin ruwan a manna a bango, a zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba a bar gurbin fanko, kun koyar da sifili ke nan.

A gauraya iri a faifai su ware, su ƙirga kowane kashi, su faɗi wanne ya fi yawa. Haruffa daga jigon za su fito, a rubuta su da yatsa a kan yashi kafin takarda: w ta wake, m ta masara, g ta gero. Ga kuma dama ta koyar da masu lanƙwasa, waɗanda yara da yawa ke gama firamare ba su iya ba: ƙ ta ƙasa, ɓ ta ɓawo, ɗ ta ɗanye. Ra'ayina a fara da Hausa, in abu ya zauna a ɗora sunansa na Turanci. Yaron da aka hana magana da harshensa shiru yake yi, shirun kuma ba fahimta ba ce.

Mako na uku kusurwar kasuwa ta zama babban aiki. Marafan kwalba su ne kuɗi, ga mudu, ga gwangwani, ga tsaba a kwano. Su fara cankar gwangwani nawa zai cika mudu, sannan su auna. Ku saurari cinikin: "Nawa mudu?" "Biyar." "Uku fa?" "Albarka." Wanda ya ba da canji ya yi ɗebewa bai sani ba.

Fenti ma daga tukunya: zoɓo ja, kurkur rawaya, gawayi baƙi, dakakken ganye kore. Malama ta ɗiga ruwan kanwa a ruwan zoɓo launin ya juye, ta matsa lemon tsami ja ya dawo. Ranar ba za ku ji ƙarar kowa ba. Tatsuniya kuwa, ku aika Gizo gona ya yi ha'incinsa, ku tsaya a tsakiya ku tambaye su me Ƙoƙi za ta yi.

8. Baƙo da fita

Ku gayyato wanda ya san aikin: dattijon manomi, maƙeri da fartanyarsa, ko mai ƙosai. Yara su gaishe shi yadda ake gaida babba, "Baba, ina kwana," su zauna. Kwata ɗaya ta isa, kuma ya zo da kayan aiki, ba jawabi ba. Ku roƙi manomin ya tuge wake guda ya nuna musu 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa. A nan ne wasu ƙwayoyin halitta ke zama suna tara wa ƙasa abinci, abin da ya sa haɗa gero da wake a gona guda yake gyara ta. Ya kuma nuna musu gyaɗa, mai fure a sama ta sunkuya ta yi 'ya'ya a ƙasa.

Fita sau ɗaya ta wadatar, kusa, da ƙafa: lambu, teburin mai kayan miya, ko injin niƙa daga bakin ƙofa. Kasuwar hatsi ta Dawanau a ba su labarinta, amma wurin manyan motoci ba na 'yan shekara huɗu ba ne. Kada a cusa yara goma a Adaidaita Sahu guda. A ƙirga su da suna sau huɗu: a fita, a isa, a taso, a dawo.

9. Makon tukunya da ranar rufewa

Yara su tsince wake, su daka a ƙaramin turmi, su tankaɗe, su tsinko alayyafonsu su wanke. Ɗan wake ya dace da su: su kwaɓa garin wake da na rogo da kuka da ruwan kanwa, babba ta jefa a tafasasshen ruwa. Wuta ta manya ce kaɗai. A ja layi da toka taku biyar daga murhu, ba mai tsallakewa. In za a yi kwaɗon alayyafo da ƙuli-ƙuli, a koma littafin rajista a duba masu matsalar gyaɗa. Damina lokacin amai da gudawa ce, saboda haka ruwan sha a tafasa ko a sa masa maganin tsabtacewa, yaron da cikinsa ya ɓaci kuma ya zauna gida. In ya fara a wurinku kuma ƙullin kemis ya ƙare, a haɗa masa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, kafin iyaye su iso.

Bikin rufewa ya kashe sansani da yawa. Tun mako na uku ake daina komai a koma haddar jawabi da gwajin fareti, a yi hayar kujeru, a jira babban baƙo har rana ta take, yara na kuka cikin sababbin kaya. Awa ɗaya ta ishe ku. Kowane yaro ya kama hannun mahaifiyarsa ko mahaifinsa ya zagaya da shi: ga shukata, ga wadda ta girma a duhu, ga ruwan da aka yi ranar Talata, zo in sayar miki da gero. A ci ɗan wake, a yi addu'a. Kowa ya tafi da littafinsa da ledar wakensa, a gaya wa iyaye su dasa a ƙasa ko babban mazubi, inda rana ke samu.

10. Bayan an tashi

Cikin makon nan, kafin a manta, ku zauna da masu taimaka muku ku rubuta aikin da yara suka nace wa, da wanda suka watsar cikin minti biyar, da kayan da suka ƙare da wuri, da duk raunin da aka ji da dalilinsa. Ku biya kowa haƙƙinsa ranar. In kuna da niyyar maimaitawa a hutun Disamba, ku sani gajere ne kuma hunturu ne, wannan jigon ba zai yi ba. "Daga auduga zuwa riga" ya fi dacewa: lokacin ake tsintar auduga a yankin Funtuwa da Gusau, tela na nan a kowace unguwa, mazauna Kano kuma ga marinar Ƙofar Mata a kusa.